Darasi na Tara: Yadda Baƙo Zai Zaɓi Asibiti a Alƙahira

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya bambance wuraren shan magani da baƙo zai tarar a ƙasar waje, ya san tambayoyin da zai yi kafin ya fitar da kuɗinsa, ya kuma iya lissafin abin da jinya za ta ci, tun daga ganin likita har zuwa sayen magani.

Mun ɗauki birnin Alƙahira na ƙasar Masar don a ga abin a zahiri. Mutanenmu suna da yawa a can: ɗaliban Jami'ar Azhar da sauran makarantu, 'yan kasuwa, masu jinya da ke shafe watanni tare da 'yan rakiyarsu, da waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya raba da gidajensu. Duk wanda ya daɗe a gari, wata rana sai ya nemi likita. Wanda ke zaune a wata ƙasa daban, sunayen wurare ne za su sauya masa, amma yawancin tambayoyin suna nan yadda suke.

Likita ɗaya, farashi uku

Abu na farko da ya kamata baƙo ya gane shi ne yadda likitocin Masar ke raba yininsu. Da yawa daga cikinsu ma'aikatan gwamnati ne ko malaman jami'a. Da safe suna asibitin koyarwa. Da rana wani zai leƙa asibitin kuɗi, ko ya zauna sa'o'i kaɗan a asibitin taimako na wani masallaci. Da yamma kuma, bayan la'asar ko magariba, sai ya buɗe nasa ɗakin duba marasa lafiya, wanda suke kira iyada, galibi a hawa na biyu ko na uku na gidan bene, ya yi ta ganin mutane har dare ya raba. Shi ya sa idan ka ɗaga kai a manyan titunan birnin za ka ga gini guda ya cika da allunan sunayen likitoci.

Ke nan mutum ɗaya ne, da ilminsa ɗaya da hannunsa ɗaya, amma kuɗin ganinsa ya danganta da ƙofar da ka shiga. Abin da ya bambanta shi ne tsawon layi, da sanyin ɗaki, da yawan mintocin da zai ba ka. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ma ba kowace cuta ke buƙatarsa ba. Mai ciwon maƙogwaro da ya je babban asibitin kuɗi ya biya kuɗin gini ne kawai. Mai ciwon zuciya da ya tsaya a ƙaramin asibitin unguwa don tsimi kuwa ya yi wasa da ransa. Saboda haka kafin ka tambayi wane asibiti ne ya fi kyau, fara tambayar kanka wane irin ciwo ne ke damunka, kuma wane mataki ne ya dace da shi.

Ƙofofin da ke akwai

Akwai asibitocin koyarwa na jami'o'i. Mafi shahara shi ne Ƙasrul Aini na Jami'ar Alƙahira. Makarantar likitancinsa ta samo asali ne a 1827, zamanin Muhammad Ali, a wani wuri da ake kira Abu Za'abal, ƙarƙashin wani likita Bafaranshe mai suna Clot Bey, aka dawo da ita inda take yanzu a 1837. Jami'ar Ain Shams tana da asibitin Dimirdash a Abbasiyya, ita kuma Azhar tana da asibitin Husaini da na Sayyid Jalal. A irin waɗannan wurare ne manyan malaman likitanci suke, kuma babu irin cutar da ba su gani ba. Matsalarsu cunkoso: jira, da hayaniya, da neman gado. Jami'o'in biyu na farko suna da asibitoci na musamman da ake biyan kuɗi, wato wanda ake kira Ƙasrul Aini na Faransa da Asibitin Ƙwararru na Ain Shams. Ga mai buƙatar tiyata wanda aljihunsa ba shi da nauyi sosai, ya dace ya tambayi farashinsu kafin ya yanke shawara.

Sai asibitocin taimako, waɗanda ake kira mustausaf. A nan ne talakan Masar ke shan magani, kuma a ganina nan ne ya kamata ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ya fara sani. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin agaji ne ke gudanar da su. Sanannen misali shi ne na Masallacin Mustafa Mahmud da ke unguwar Muhandisin, wanda likita kuma marubuci Dokta Mustafa Mahmud ya kafa. Shi ne mai wani shirin talabijin na ilmi da imani, ya rasu a 2009. A mustausaf akan liƙa jadawali a bango: likitan ido ranar kaza, na yara ranar kaza, na mata daga ƙarfe kaza. Kuɗin ganin likita kaɗan ne, wasu kuma suna da ɗakin gwaji da na ɗaukar hoto. Ba duka suka zama ɗaya ba. Wani tsaf yake, wani kuwa da ka leƙa za ka juya. Domin zazzaɓi, da ciwon ciki, da awon hawan jini, da ciwon haƙori marar tsanani, mai kyau daga cikinsu ya wadatar.

Daga nan sai iyada ta likita mai zaman kansa, inda kuɗin ke ƙaruwa gwargwadon sunan likitan da unguwar da yake. Likitan da ke Zamalik ko Ma'adi ba zai karɓi abin da na Faisal ko Hayyul Ashir ke karɓa ba, domin kuɗin hayarsu ba ɗaya ba ne. A saman kowa akwai manyan asibitocin kuɗi, masu kayan aiki na zamani da ɗakunan kwana masu kyau. Suna da ranarsu, amma ba nan ake fara zuwa ba.

Kai baƙo ne, kuma farashi ya san da haka

Gwamnatin Masar ta kafa dokar inshorar lafiya ta bai-ɗaya a 2018, aka fara aiki da ita a jihar Fot Sa'id a 2019, ana faɗaɗa ta jiha bayan jiha. An tsara ta ne da farko domin 'yan ƙasa. Su kansu Misirawa, fiye da rabin abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihunsu yake fita kai tsaye. To ina ga baƙo? Asibitoci da dama suna da farashi biyu, na ɗan ƙasa da na baƙo. Kada ka ji kunyar tambaya tun a bakin teburin karɓar kuɗi: wannan farashin na kowa ne, ko na baƙi? Akwai ragi ga mai katin ɗalibi ko mai takardar izinin zama? Wani lokaci akwai, amma ba mai gaya maka idan ba ka tambaya ba.

Ɗalibi ya fara zuwa ofishin kula da ɗalibai baƙi na makarantarsa, ya ji irin kulawar lafiyar da rajistarsa ta ba shi dama. Ma'aikaci ya karanta takardar ɗaukarsa aiki, ya ga ko akwai inshora da sunayen asibitocin da ta amince da su. Waɗanda suka yi rajista da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, masu katin rawaya ko shuɗi, suna da damar zuwa cibiyoyin lafiya na gwamnati, don haka su riƙa tafiya da katinsu.

A kula da wani abu kuma. A watan Maris na 2024 darajar fam ɗin Masar ta faɗi daga kusan fam 31 a kan dala ɗaya zuwa kusan 50. Duk farashin da wani ɗan'uwa ya gaya maka na zuwan da ya yi shekaru uku da suka wuce, labari ne. Nemi na yau.

Yadda ake gane wurin kirki

Fara da bango. Wurin da ke da izinin aiki yakan rataye lasisinsa na Ma'aikatar Lafiya da shaidar rajista da Ƙungiyar Likitocin Masar inda kowa zai gani. Ma'aikatar takan rufe wuraren da ke aiki ba izini, kuma ba su da kaɗan, musamman masu tallar gyaran jiki da rage ƙiba. Karanta allon likitan ma. Mumaris likita ne na gama-gari. Akhissa'i ya ƙware a fanni guda. Istishari ya fi shi daɗewa da daraja, ustaz kuma farfesa ne a jami'a. Kuɗi yana hawa tare da waɗannan laƙabobi, amma yawancin cututtukan yau da kullum akhissa'i ya ishe su. Game da manyan asibitoci, akwai hukumar tantance inganci ta ƙasar mai suna GAHAR, akwai kuma ta ƙasa da ƙasa mai suna JCI. Shaidarsu tana nuna cewa asibitin yana bin ƙa'idojin tsafta da tsaron majiyyaci. Ba ta nufin yana da sauƙin kuɗi, ba ta kuma nufin kowane likita da ke ciki gwani ne.

Bayan bango, sai allura. Masar ta sha wuya a kan wannan. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata, sai cutar hanta nau'in C ta yaɗu har ƙasar ta shiga sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita. Sai da gwamnati ta tashi tsaye, ta gwada jinin mutane miliyoyi tun daga 2018, ta ba da magani, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023 cewa ta kama hanyar kawar da cutar. Darasin da ke nan naka ne: a buɗe sabon sirinji a gabanka, nas ta sa sabon safar hannu, likitan haƙori ya ciro kayan aikinsa daga rufaffiyar leda da aka tsabtace. Idan ba ka ga haka ba, ka yi magana. Idan aka ji haushin maganarka, tashi ka tafi.

Sai shi kansa likitan. Likitan kirki yana tambaya kafin ya rubuta. Yana so ya ji yaushe ciwon ya fara, me ka riga ka sha, wace cuta ce ke cikin danginku. Yana taɓa jikinka ya auna. Yana gaya maka sunan cutar da yake zato da dalilin kowane gwaji. Wanda ya miƙo maka doguwar takardar gwaje-gwaje tun ba ka gama zama ba, ya kuma ce lallai sai a wuri kaza za a yi su, to ka sa alamar tambaya. Akwai manyan ɗakunan gwaji masu rassa a ko'ina cikin birnin, irin su Al Borg da Al Mokhtabar da Alfa, kuma kana da ikon kai takardarka wurare biyu ka ji farashi.

Kai ma kana da naka aikin a gaban likita. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Abin murna ne gare su, amma ga wanda ya dawo daga hutu a Kano ko Maraɗi akwai haɗari a ciki: matashin likita a Alƙahira zai iya yin shekaru bai ga mai maleriya ba, don haka ba ita ce za ta fara zo masa a rai ba. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan dawowa daga gida, faɗa masa ƙasar da ka fito da ranar da ka sauka, ka roƙi a yi maka gwajinta a ranar. Haka mai sikila ya faɗa tun farko, ya riƙe takardunsa na gida a jaka.

Mata masu ciki su san wannan adadi: binciken lafiyar iyali da Masar ta yi a 2021 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na haihuwa a ƙasar ta hanyar tiyata ake yi, alhali a 2014 kashi 52 ne. Tiyata tana ceton rai idan da dalili, kuma idan likita ya nuna dalilin kada a tsaya gardama. Amma tun a awon farko ki tambayi likitarki ko tana karɓar haihuwa ta ƙa'ida, da dalilan da za su sa ta shawarci a yi aiki, da kuɗin kowanne. Amsarta za ta nuna miki irin hannun da kika shiga.

Duk aikin da ba na gaggawa ba, a ji ta bakin likita na biyu kafin a sa hannu. Kuɗin ganinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin tiyata.

Lissafi

Kuɗin ganin likita, wanda suke kira kashf, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe, amma shi mutane suka fi kallo. A yawancin iyada akwai dawowa ta biyu, istishara, don likita ya duba sakamakon gwaji. Kyauta ce ko da ragi idan ka dawo cikin kwanakin da suka ƙayyade. Tambayi sakatariya kwana nawa ne, ka rubuta.

Ga misali na koyon lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce asibiti na farko yana karɓar fam 200 na ganin likita, da wani 200 idan ka dawo, gwajinsa fam 900 kuma dole a can, ga nisa, kuɗin mota zuwa biyu fam 300. Jimla fam 1,600. Na biyu yana karɓar fam 500, dawowa kyauta, ya bar ka ka yi gwaji inda ka ga dama a kan fam 600, kuma da ƙafa za ka je. Jimla fam 1,100. Wanda ya fi tsada a bakin ƙofa shi ya fi sauƙi a ƙarshe. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Idan kwanciya ce ko tiyata, nemi a rubuta maka ƙiyasi a takarda mai tambarin asibiti, a fayyace abin da ke ciki: kuɗin likitan tiyata, na mai sa barci, na ɗakin aiki, na gado kowane dare, magunguna, jini idan an buƙata. Tambayi kuɗin dare ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman ko da ba ka sa ran shiga, domin nan ne lissafi ke ɓaci. Za a nemi kafin-alƙalami. Biya a teburin karɓar kuɗi na asibiti, ka karɓi rasit, kada ka danƙa wa wani a baranda. Fasfonka kuma ba jingina ba ne. Ba su kwafinsa.

Magani a Masar gwamnati ce ke ƙayyade farashinsa, kuma ana buga shi a jikin kwali. Duba kafin ka biya. Ana haɗa magunguna da yawa a cikin ƙasar, don haka tambayi mai kantin magani ko akwai na gida mai sinadari iri ɗaya da wanda aka rubuta maka. Sai dai sauƙin samun magani a can tarko ne: kada ka mai da mai kanti likitanka, musamman a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Tiramadol kuwa doka ta tsananta a kansa ƙwarai, an ɗaure baƙi saboda shigo da shi. Kada ka karɓi saƙon magani daga hannun kowa a filin jirgi.

Dillalai

Wannan sai an yi haƙuri, domin ya shafi namu. Baƙon da bai iya Larabci ba yana buƙatar tafinta, kuma akwai 'yan'uwa masu amana da ke wannan hidima, suna faɗin ladansu a fili. Akwai kuma waɗanda za su tarbe ka da “Kawu, sannu da zuwa, kada ka damu da komai, na san babban likita,” alhali asibitin da za su kai ka yana ba su kamasho, kuma a cikin lissafinka za a cusa shi. Alamarsu ba ta ɓoyuwa: ba sa so ka ga takardar farashi, ba sa so ka yi magana da likita kai tsaye, asibiti ɗaya tak suka sani ko da wace cuta ka zo. Ka ce masa: “Ɗana, faɗa mini ladanka in biya ka da hannuna, amma kuɗin asibiti ni zan kai teburi.” Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Masu neman dashen ƙoda su yi hattara fiye da kowa. Dokar Masar ta 2010 ta haramta saye da sayar da sassan jiki, ta kuma hana Bamisire ya ba baƙo, sai tsakanin ma'aurata da suka cika sharuɗɗa. Baƙo yana zuwa ne da mai ba shi daga cikin 'yan ƙasarsa, da amincewar hukumomin ƙasarsu. Duk wanda ya ce zai samo maka ƙoda a can, kurkuku yake nuna maka.

Gaggawa

Lambar motar ɗaukar marasa lafiya a Masar ita ce 123. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin ƙasar na 2014 ya mai da ƙin duba kowane ɗan'adam da ke cikin halin gaggawa laifi. A irin wannan hali ba a cinikin farashi: ciwon ƙirji mai tsanani, shanyewar ɓarin jiki, zubar jini, numfashi da ƙyar, a nufi asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa. Cunkoson motocin Alƙahira kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka san wannan asibiti tun kana da lafiya. Ka tuna kuma yawancin iyada ba sa buɗewa ranar Juma'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa kuɗin ganin likita ɗaya ke bambanta daga wuri zuwa wuri a Alƙahira?
2. Wane irin ciwo ne ya dace a kai mustausaf, wanne ne bai dace ba?
3. Me mutumin da ya dawo daga Nijeriya ko Nijar da zazzaɓi zai gaya wa likita, kuma don me?
4. A misalin lissafin da ke sama, idan asibiti na biyu ya ƙara fam 250 a kan kuɗin dawowa, wanne ne zai fi sauƙi, kuma da nawa?

Aiki

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama sakataren asibiti, ɗaya baƙon da aka ce a yi wa tiyata, baƙon ya yi duk tambayoyin da suka kamata kafin ya biya. Bayan haka kowa ya samu ƙaramin kati ya rubuta sunansa, rukunin jininsa, cututtukan da yake fama da su, magungunan da yake sha da waɗanda jikinsa ba ya karɓa, da lambar wanda za a kira. Wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar waje ya aika masa da hoton katin, ya ce shi ma ya rubuta nasa da harshen ƙasar da yake, ya sa a cikin fasfonsa. Ku zo da katunanku a darasi na gaba.